Teburin da Ya Fita ta Baranda

Omma, mahaifiyata, ta shigo jirgin ruwan da akwati biyu, Appa, mahaifina, da ɗaya. Shi bai lura ba. Ni na lura, don ni na ciro na biyun daga mota, kuma nauyinsa ba na kayan hutu ba ne. Da muka shiga ɗakinmu, Appa ya fita duba inda jiragen ceto suke, sai na zuge akwatin kaɗan. Rigunan sanyi ne, da bargon da take rufa da shi tun ina yarinya.

"Omma, sanyi ake yi a can Kagoshima da za mu?"

"Rufe mini akwati, Dasom." Ta zauna a bakin gado tana murza hannunta mai bandeji. "Idan jirgin nan ya dawo Busan, ke da babanki ku hau jirgin ƙasa ku koma Daegu. Ni motar Tongyong zan shiga, wajen yayata."

"Har yaushe?"

"Har sai na daina jin warin man suya a gashina."

Appa shi ne babban ɗa a gidan Pyo, saboda haka a falonmu ake shirya teburin kakanni, wato abincin da ake ajiye wa waɗanda suka rasu, kowace safiyar Cusok, bikin girbi na shekara. Shekara talatin da ɗoriya Omma ke tsugune gaban kasko tun ana jibi biki, tana soya kifi da kabewa da nama, tana wanke kwanukan tagulla, tana ciyar da dangin da ba su taɓa tambayarta ko ita ta ci ba. Bana wuyan hannunta ya ƙi. Ni na nemo mana tafiyar nan ta jirgin shaƙatawa, ni kuma na lallashi Appa har ya yarda, bisa sharaɗin cewa ba za a bar iyayensa da yunwa ba ko a tsakiyar teku. Don haka na aro tabarau na na'ura a wurin aikinmu, irin wanda in ka sa a fuska kana ganin ɗakin da kake ciki, sannan ya ƙara maka abin da babu shi a ɗakin. Akwai manhajar da ke shirya teburin kakanni tsaf, har da hotunansu.

Ranar da na nuna masa a gida, ya juya shi a hannu kamar wanda aka ba mataccen kifi. "In abin nan naki bai yi ba," ya ce, "baɗi a gida za mu yi, yadda aka saba." A gaban Omma ya faɗa. Tana ɓare tafarnuwa da hannu ɗaya, ko kai ba ta ɗaga ba.

To ni duk abin da na riƙe ke nan. In teburin ya tsaya, in Appa ya ce ya gamsu, ina da abin da zan roƙi Omma da shi a tashar Busan. Na kuma sa rai da tekun. Na ɗauka ba yadda za a yi mutum biyu su tsaya gaban ruwa mai faɗi haka, rana tana narkewa a cikinsa, ɗaya bai tuna dalilin da ya sa ya zaɓi ɗayan ba.

Tekun bai yi komai ba. Omma barci take yi, irin barcin da ke ba mutum tsoro, baki a buɗe, har azahar. Appa kuwa yana zaune gaban talabijin yana kallon cunkoson motocin masu komawa garuruwansu, fuskarsa kamar ta ɗalibin da ya gudu daga makaranta. In mun fita cin abinci layi ne, in za mu hau bene layi ne, ga wasu tsofaffin mata 'yan ƙungiyar rawa masu huluna iri ɗaya da ke kama kowace kujera tun kafin mutum ya ajiye faranti. Na ja su kan bene da yamma, suka tsaya a jikin ƙarfe, tsakaninsu wajen mutum uku.

"Ruwa ne dai," in ji Appa.

"Me ka zata, miya?" in ji Omma.

Ana gobe biki Gwaggo, ƙanwar Appa, ta bugo. Ko ba a sa a lasifika ba muryarta na cika ɗaki. "Yaya, ai ka kyauta. Gobe iyayenmu za su zo su tarar da ƙofa a kulle, su tsaya a tsakar gida kamar masu bara. Ka gaida matarka, ka ce ta huta da kyau." Appa ya ce to, to, ya kashe. Bai ci abincin dare ba.

Da safe ya yi wanka, ya sa baƙar kwat ɗin da ya taho da ita a jakarta, ya taje gashinsa da ruwa. Na ture ƙaramin tebur da kujera na samar masa fili tsakanin gado da ƙofar baranda. Ba a yarda a kunna turare a jirgi ba, sai na manhaja. Abin da muke da shi na gaske kawai ƙaramar kwalbar giyar shinkafa ce da kofin tagulla ɗaya da ya sako cikin safa. Omma na zaune a kan gado da silifas ɗin jirgi, ta jingina da bango.

"Ina arewa?" ya tambaya.

Na duba waya, na nuna masa bangon da madubi yake. A nan na kafa teburin. Ya buɗe ƙofar baranda kaɗan don su sami hanyar shigowa, iska mai gishiri ta ɗaga labule. Sannan ya sunkuyo na ɗaura masa tabarau ɗin, na gyara igiyar a ƙeyarsa. Abin da yake gani ina ganinsa a wayata.

Ya ɗago kai. Teburin ya fito a gaban madubin, dogo, baƙi mai sheƙi. Jajayen 'ya'yan itace a gabas, farare a yamma, kifi ya juya kai gabas, shinkafa da miya a jeren ƙarshe, hayaƙin turare na tashi siriri. A bayan komai ga Kaka da mijinta, hotunan da na ɗauka daga bangon falonmu.

"Uwa," ya ce a hankali. Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙanƙanta haka ba. Idona ya ciko. Na ce a raina shi ke nan, ya yi.

Ya durƙusa, ya kai goshi ƙasa. A daidai nan jirgin ya fara kwana don shiga mashigin gari. Mu ba mu ji komai ba sai ɗan kaɗawar labule, amma na'urar ta ji. Da Appa ya ɗago, teburin ya bar gaban madubi yana zamewa hagu a hankali, da kifinsa da turarensa.

"Dasom! Suna tafiya."

"Tsaya, Appa, bari in..."

Bai tsaya ba. Ya bi su da rarrafe, gwiwar kwat ɗinsa na jan kafet. Teburin ya ratsa ƙafar gado, ya ratsa akwatunan, ya shige bango. Appa ya dafa bangon da tafin hannu biyu.

"Sun shiga ɗakin mutane! Ke, wa ke ɗakin can?"

"Amarya da ango," in ji Omma daga kan gado. "Su ma su sami albarka."

Na dawo da teburin. Ya sake durƙusawa, ya sake ɗagowa, wannan karon ta baranda suka nufa. Na sake dawowa da shi. Gumi ya fara tsattsafo masa a wuya. Na tuna akwai wani saiti na matafiya, na masu jirgin sama, wanda ke hana hoto yawo. Na danna shi da sauri.

Teburin ya daina yawo, gaskiya. Ya manne a gaban fuskarsa. Ya juya dama suka juya dama. Ya ja numfashi, ya haɗa hannu, ya sunkuya, sai ga Kaka da mijinta da duk abincinsu sun biyo shi ƙasa, sun nutse cikin kafet.

Appa ya zabura ya miƙe. "Tana durƙusa mini! Uwata tana durƙusa mini! Cire mini abin nan!"

Ban gama kwance igiyar ba ya ture ni ya faɗa banɗaki. Muka ji shi yana amai, ya daɗe, har abin ya koma kakari. Da ya fito fuskarsa ta yi fari fat, laɓɓansa sun bushe. Ya kwanta a ɗaya gadon da kwat ɗinsa, ya ɗora hannu a kan ido.

"Baɗi a gida," ya ce.

Na zauna a ƙasa da tabarau ɗin a cinyata. Gajiyar duk watannin nan ta sauko mini lokaci ɗaya, ta lallashi da tsara tafiya da yin murmushi a tsakanin mutum biyu da ba sa kallon juna. Ko kuka ban iya ba. A waje ana sanarwa cewa masu zuwa ganin dutse mai aman wuta su taru a bene na biyar.

"Ba ni in gani," in ji Omma.

"Omma, zai sa ki jiri."

"Ni? A cikin kwalekwalen babana na koyi tafiya. Cire wannan saitin na banza, ki mayar yadda yake."

Na mayar, na ɗaura mata. Ya yi wa fuskarta girma, gashinta da ta sha wahalar nannaɗewa ya tokare ta saman igiya. Ta sauko daga gado, ta tsaya a filin da Appa ya bari. Ta daɗe a tsaye.

"Ashe haka yake," ta ce.

"Yaya?"

"Daga gaba." Ta miƙa hannunta mai lafiya kamar za ta taɓa tuffa. "Ni daga ƙofar kicin nake hango shi, ta gefe, ta tsakanin bayan maza. Kafin su gama ina can ina ɗumama miya. Ashe yana da kyau."

Teburin ya fara zamewa. Ba ta bi shi ba. Ta ɗan karya gwiwa, ta saurari jirgin da tafin ƙafarta, sannan ta yi taku biyu zuwa dama ta tsaya. Teburin ya zagayo ya same ta a can.

"Ai ba a bin su," ta ce. "In jirgi ya karkata nan, su can za su yi. Sai ka je ka jira su."

Appa ya sauke hannunsa daga ido. Yana kallonta tana juyawa a hankali cikin ɗan filin nan, silifas na shafar kafet, kamar mai rawa da wani da mu ba ma gani. Rana ta ɗago sosai, ta shigo har tsakiyar ɗaki. Ba a wuce safiya da wannan hidima, duk mun sani. Ya yunƙura zai tashi, ɗakin ya juya masa, ya koma.

"A gidan Pyo," ya fara, "mace ba ta taɓa..."

"Na ce maka zan yi?" Ta kai hannu ga igiya. "Kallo na yi, kuma na gani. Karɓi abinki, Dasom."

"Maman Dasom."

Ta dakata.

"Sun taso daga nesa," ya ce yana kallon silin. "Ba su san hanyar teku ba ma. Kar su koma haka."

"Ka kira ƙanwarka ta yi musu. Bakinta ya isa ya ƙosar da su."

"Maman Dasom, don Allah."

Tun da nake ban taɓa jin ya roƙe ta ba. Umarni yake bayarwa, ko ya yi gyaran murya ta gane. Ita ma ina jin ba ta taɓa ji ba, don ta bar hannunta a kan igiyar ba ta cire ba, ba ta kuma sauke ba.

"In na tsaya a gaba," ta ce, "wa zai zuba?"

Na miƙa hannu zan ɗauki kwalbar. Ta ce, "Ba ke ba."

Mai zubawa ƙarami ne. A gidanmu ƙanin Appa ke yi, yana durƙushe a gefe, kansa a ƙasa. Appa ya kalli kwalbar, ya kalli matarsa. Ya zuro ƙafa ɗaya, ya huta, ya zuro ta biyu. Da dafa gado ya iso, ya durƙusa a gefenta. Ta riƙe kofin da hannu biyu, shi ma ya riƙe kwalbar da hannu biyu, bakin kwalbar na ƙwanƙwasar tagulla. Kaɗan ya zube a kan bandejinta.

Ta zagaya kofin a kan hayaƙin da ita kaɗai ke gani, ta ajiye shi a kafet inda teburin yake a lokacin. Ta yi sunkuyon mata, sau huɗu, a hankali, tana kare hannun da ke ciwo. Tsakanin na biyu da na uku sai da ta matsa gefe ta jira su. Da ta gama ba ta tashi ba. Ta zauna a kan dugaduganta.

"Uwa," ta ce, da muryar da take yi wa maƙwabta magana ta kan katanga. "Ni ce, Bun-hui, matar babban ɗanki. Kin fi sanin bayana da fuskata, shi ya sa na faɗi sunana. Abincin nan ba ni na dafa ba. Kullum kina cewa miyata ta cika gishiri, to wannan ko ɗigo babu, ki ci da daɗi."

Appa ya yi wani ƙaramin sauti a maƙogwaro.

"Na zo in yi miki sallama ne. Na yi muku abin da zan iya, ke da Baba, da iyayen Baba da ban taɓa gani ba. Hannuna ya ƙare. Babana yana kwance a kan tudu a tsibirinmu, yana kallon ruwa. Tun da aka kawo ni gidanku ban taɓa kai masa ko kofi ɗaya ranar Cusok ba. Kowace shekara sai in ce in an gama wanke-wanke, in an gama kuma hutu ya ƙare. Ciyawar kabarinsa mijin yayata ke yankewa. Bana zan je, ko da na makara. Kar ki yi fushi da ɗanki, bai sani ba. Bai taɓa tambaya ba ne kawai."

Muryarta ba ta yi rawa ba. Ni ce nake kuka, na toshe baki da hannun riga. A wayata na ga teburin ya fara tafiya wajen baranda. Wannan karon ba ta matsa ba. Ya ratsa gilashi, ya ratsa ƙarfen baranda, ya fita kan ruwa, yana ƙanƙancewa da turarensa, fuskokin nan biyu na kallonmu har suka zama ɗigo a cikin hasken rana.

Ta cire tabarau ɗin da kanta. Ya bar mata jan zane a goshi da kumatu.

"Sun tafi?" in ji Appa.

"Sun tafi."

"Sun ci?"

"Ina na sani? Kai da ka shekara talatin a gabansu, ka taɓa ganin sun ci?"

Yana nan durƙushe da kwalbar a hannu. Ya ajiye ta. "Yaushe za ki?"

"Da mun sauka a Busan."

"Ki dawo yaushe?"

"Ban sani ba, Baban Dasom. Wallahi ban sani ba."

Na jira ya ɗaga murya. Na jira ya ce me mutane za su ce, me zai gaya wa Gwaggo. Sai ya zauna a ƙasa gaba ɗaya, ya jingina da gado, ya kwance wuyan rigarsa. Na ga tsufansa ƙarara, fatar wuyansa, tabon man kai a kwala.

"Har yanzu sai da jirgi ake shiga tsibirin?"

"Da me za a shiga? Ƙaramin jirgi ne kuwa. Wannan da muke ciki gida ne a kansa. Wancan in iska ta taso har kaji amai suke yi."

Ya rufe ido. "Dasom, akwai wajen magani a ƙasa ko? Ki samo mini na jiri. Mai ƙarfi."

"Ban gayyace ka ba," in ji Omma.

"Ba wajenki za ni ba. Wajen surukina za ni. Akwai gaisuwar da ban kai ba."

"Yayata ba za ta dafa maka ba. Ba ta ƙaunarka, ka sani."

"Na ji."

"Ni ma ba zan dafa ba."

"Na ji."

"Kuma ko ka je ka gaishe shi, ba lallai in biyo ka ba."

Ya miƙa hannu. Ya ɗauki kofin daga kafet, abin da aka miƙa wa kakanni sai an raba an sha, kuma babba ke fara sha. Ya riƙe shi da hannu biyu ya miƙa mata.

"Na ji," ya ce.

Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta mayar masa. Sannan ta hau gado ta juya wa ɗakin baya, ta ce kar wanda ya tashe ta sai an buɗe abincin rana. Appa ya zauna yana kallon sauran giyar a kofi, ga alama yana lissafin ko cikinsa zai karɓa.

Na ɗauki katin ɗaki na fita. A wajen magani ma layi ne, 'yan ƙungiyar rawa sun riga ni. Na tsaya a bayansu, na jingina kaina da bango, na jira.